Shekarar da Babanku Ya Fasa Shagonsa

Na san kun sha jin maganar nan a gidajen biki da na suna, ana yin ta ƙasa-ƙasa idan an ga ɗayanku ya shigo. Wai ni ce na raba babanku da yayansa, Baba Sale, har muka bar gidan gado na Gyaɗi-Gyaɗi muka koma haya a Tarauni. Ban taɓa tanka wa kowa ba lokacin da su biyun suke raye, don babanku ya hana ni. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara ba ni labari, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa muku yadda abin ya faru. Hadiza da Kabiru, da ku aka yi, sai dai kuna ƙanana. Sauran kuwa ba a ma haife ku ba.

A shekarar da sojoji suka sauka suka miƙa mulki ga farar hula ne. Gidanmu na ƙasa ne da aka shafe da siminti, sashen Baba Sale a gaba, namu a tsakiya, ɗakin kakarku Inna a can ƙurya. A ƙofar gida akwai babban lambatu, wanda ke kwashe ruwan lungunan da ke samanmu ya wuce da shi. A bayan gida kuma akwai kududdufi, inda aka haƙi ƙasar da aka gina rabin gidajen unguwar. Zamanin soja, idan ranar tsabta ta zo, kowa fitowa yake da shebur da tsintsiya a yashe lambatun nan. Amma gaskiyar magana, ba don mun san amfaninsa muke yi ba. Tsoron bulala da tsallen kwaɗo ne. Da aka ce soja sun tafi, sai mutanen lungunmu suka ajiye shebur. Idan ka yi wa mutum magana sai ya ce yanzu mulkin 'yanci ake yi, ba mai tilasta shi. A daidai wannan lokacin ne kuma ruwan leda ya cika gari. Kowa ya sha sai ya yar a inda yake tsaye, iska ta kwashe ta zuba a lambatu. Mu mata ma duk sharar tsakar gida can take ƙarewa, babu mai ganin laifin wani.

Baba Sale mutum ne mai fara'a da son jama'a, kar ku bari kowa ya gaya muku akasin haka. Da siyasa ta dawo ya shige ta da ƙarfinsa, ya zama kullum zaurenmu cike yake da mutane. Ta nan ya samu hanyar da aka ba shi dama ya yi gini a kan lambatun ƙofar gida. Aka kafa ginshiƙai a cikinsa, aka zuba kankare aka rufe, aka tayar da jerin shaguna a kai. Kududdufin baya kuma aka dinga cike shi da shara da ɓaraguzai, ana yanka filaye ana sayarwa. Shagon farko, na bakin inda ruwa ke shiga ƙarƙashi, wanda ya fi kowanne kyau, Baba Sale ya ba babanku kyauta. Ku tuna babanku tela ne, shekara da shekaru yana ɗinki a lungun zaure inda ko haske babu. Ranar da ya shigar da kekensa shagon nan, ya sa aka rubuta sunansa a saman ƙofa da shuɗin fenti, ban taɓa ganin farin ciki a fuskarsa irin na ranar ba. Ni ma na yi guɗa, na dafa shinkafa na raba wa maƙwabta.

Mutum biyu ne kawai a gidan ba su yi murna ba, tsohuwa da yarinya.

Inna idanunta sun yi rauni a lokacin, amma ta san unguwar tun tana gonaki. Ta sa aka riƙe mata hannu har ƙofar gida, ta dinga taɓa sabon ginin da sandarta. Da yake Baba Sale ɗan farinta ne ba ta kiran sunansa, sai ta juya wajen da take jin muryarsa ta ce:

"Kai, kun cike masa wurin kwanansa a baya, yanzu kuma kun shaƙe masa wuya a gaba. Idan ya zo ina kuke so ya bi?"

Baba Sale ya yi dariya ya ce zamani ya canja, an bar wa ruwa hanya a ƙarƙashi. Ta ce ita dai tun tana amarya take ganin yadda ruwan nan ke gangarowa, kuma ba ta taɓa ganin ya nemi izinin kowa ba. Aka mayar da ita ɗaki ana cewa tsufa ne.

Hadiza kuwa daga makaranta ta kwaso nata. Malaminsu ya sa sun binne ɓawon lemo da ledar ruwa a bayan aji, bayan wani lokaci suka tono. Ɓawon ya zama ƙasa, ledar kuwa tana nan kamar jiya aka sa ta. Abin ya tsaya wa yarinyar nan a rai. Ta dawo gida tana tambayata, idan leda ba ta ruɓewa, duk waɗanda muke zubawa a lambatu ina suke zuwa? Na ce ruwa ne ke tafiya da su. Ta ce ina yake kai su? Na ce ta tashi ta ba ni wuri ina da aiki. Daga nan ta fara bi tana tsince leda a tsakar gida da ƙofar gida tana tarawa a buhu, ita da ƙawarta Ngozi, 'yar maƙwabtanmu Kiristoci da uwarta ke da ɗan shagon kayan masarufi a tsallaken hanya. Samarin da ke zaman majalisa a gaban shaguna suka sa musu suna 'yan duba-gari. Wani ma da gangan yake shan ruwa ya jefa ledar a gabansu. Hadiza ta sha shigowa da kuka.

Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi, sai muka ga lambatun bai janye ba. Ruwa ya tsaya a bakin shaguna, baƙi ƙirin, yana wari, leda na yawo a kai. Aka ce zai wuce. Ya ɗan ragu, aka sake yin wani ruwan, ya dawo ya fi na da. Sauro ya yi mana yawa har da rana. Ruwan rijiyarmu, wanda duk lungu ke yabo, ya fara wani irin ɗanɗano, na koma tafasa shi kafin in ba ku. Wata rana ina share ɗakin Inna na jingina hannu da bangon baya, sai na ji shi da sanyi da laushi kamar tuwon da ya kwana. Na ɗaga kai na ga tsaga ta taso daga ƙasa ta nufi rufi. Bayan bangon nan kududdufin da aka cike ne, ruwan da ya rasa wurin zuwa yana kwance a gindinsa.

Tun daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. Ni da nake son damina tun ina yarinya, na zama idan na ga gabas ta yi duhu sai gabana ya faɗi. Ina tuƙa tuwo ina kallon sama. Kullum da safe sai na je na duba tsagar nan, kullum kuma sai na ga kamar ta ƙara buɗe baki. Na roƙi Inna ta dawo ɗakina ta ƙi, ta ce a ɗakin nan mijinta ya bar ta. Na gaya wa babanku, ya zo ya duba, ya ce zai yi wa Yaya magana. Na san nauyin yayansa yake ji. Mutumin da ya ba ka shago jiya, da wane baki za ka ce masa shagon ne matsala?

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Hadiza da Kabiru suna Islamiyya, can bayan masallaci. Hadari ya haɗu cikin ɗan lokaci, gari ya yi duhu, kaji suka shige akurki. Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin in gama kwashe shanya, na ga ruwa yana shigowa ta zaure, ba daga sama ba, daga waje. Ya shafe tsakar gida, ya ɗauki tukwane da takalma da buta yana juyi da su. Babanku ya shigo a guje daga shago, ruwa har ƙwaurinsa, ya wuce ɗakin Inna ya goyo ta a bayansa ya kawo ta ɗakina ya ɗora a kan gado. Ina tsaye ina riƙe da ita sai na ji ihu daga waje. Cikin ƙarar ruwan nan da tsawa, na gane muryar Hadiza.

Ban san yadda na fita ba. Ba mayafi, ba takalmi. Da na isa ƙofar gida ban ga hanya ba, ban ga lambatu ba, duk sun zama abu ɗaya, jan ruwa yana gudu. Ashe malamin Islamiyya ya sallami yara da ya ga hadari, ruwan ya riske su a hanya. Hadiza na riƙe da hannun ƙaninta suna lalube da ƙafa, sai Kabiru ya taka inda yake zaton ƙasa ce. Ruwa ya fizge shi daga hannunta. Na hango ta tsaye, ruwa har cinyarta, tana nuna bakin shaguna tana kiran sunansa. Na bi hannunta da kallo. A daidai inda lambatun ke shigewa ƙarƙashin ginin, shara ta taru ta yi tsibi, ruwa na tafasa a wurin yana neman hanyar shiga. A jikin tsibin nan na ga farar hular Kabiru, sannan na ga hannunsa. Ruwan ya danna shi a jikin sharar yana jan ƙafafunsa ƙasa. Da ya shige ƙarƙashin kankaren nan, babu mai iya ciro shi sai an fasa gini.

Ƙafafuna suka ƙi motsi. Wannan ita ce gaskiya, na tsaya kamar an dasa ni, bakina yana salati amma ba na jin muryata. Maman Ngozi ce ta riga kowa. Mace ce mai jiki, ta fito daga shagonta ta ratsa ruwan nan, ta kwanta rub da ciki a kan dakalin shagon babanku, ta zura rabin jikinta ta cafko wuyan rigarsa. Ruwa na janta ita ma, tana kiran Yesu tana kiran mutane. 'Yan acaɓa biyu da suka fake a rumfa suka riƙe ƙafafunta, babanku ya iso ya kama hannun yaron, suka fizgo shi. Ya fito jikinsa duk leda da baƙin taɓo, idanunsa a buɗe amma ba ya kallon kowa. Maman Ngozi ta kifa shi a cinyarta tana bubbuga bayansa har ya amayar da ruwa, ya ja numfashi, ya fasa kuka. Ta miƙo mini shi, ita ma tana kuka, ta ce:

"Maman Hadiza, riƙe ɗanki. Allah bai ce yau ba."

Muna shiga gida da shi muka ji wata ƙara mai nauyi daga ƙurya, ƙasa ta girgiza. Bangon ɗakin Inna ne ya zauna, rufin ya biyo shi, ya danne gadon da aka ɗauke ta a kai. Inna tana ɗakina ta ji. Ba ta tambayi mene ne ba. Ta ce a miƙo mata Kabiru, ta dinga shafa kansa.

Washegari amai da gudawa suka kama shi, saboda ƙazantar da ya haɗiya. Kafin azahar idanunsa sun faɗa, fatarsa idan ka ja sai ta tsaya. Muka kai shi asibiti aka sa masa ƙarin ruwa. A ɗakin da aka kwantar da mu akwai yara da yawa masu irin ciwonsa, wasu daga unguwarmu. Yarinyar da ke gadon kusa da namu, uwarta muna hira da ita da safe, da yamma aka lulluɓe ta aka fitar. Na zauna ina riƙe da ƙafar Kabiru, ina jin ɗuminta, ina tsoron in saki. Duk lokacin da ya rufe ido sai na sa kunne a ƙirjinsa. Ta tagar ɗakin kuma ina ganin sama tana sake haɗa wani hadarin, ga Hadiza da Inna a gida.

Kabiru, Allah ya tashe ka. Amma da muka dawo gida ruwan yana nan kwance a ƙofa, damina kuma ko rabi ba ta yi ba. Hadiza ta daina magana sosai. Ko yayyafi aka fara sai ta jawo ƙaninta ɗaki ta rufe ƙofa ta zauna a bakinta.

Babanku ya je ya samu yayansa a zaure, ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya roƙe shi a buɗe lambatun. Baba Sale ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, kuma ya ji zafinsa kamar ɗansa na cikinsa. Ya ce a bari rani ya yi a san yadda za a gyara, don ya riga ya sa mutane a sauran shagunan, kuma idan aka rushe su abokan hamayyarsa za su yi masa dariya. Aka kai magana gaban mai unguwa, dattawa suka zauna. Tsofaffin duk sun ce a buɗe, don sun san yadda wurin yake a da. Masu shaguna da masu sababbin filaye suka ce laifin masu zubar da shara ne. Masu zubar da shara suka ce laifin gwamnati ne. Aka yi addu'a aka tashi.

Ga abin da na faɗa, wanda aka juya aka mayar da shi abin da kuke ji. Da babanku ya dawo daga zaman nan, na kai masa abinci bai ci ba. Na ce:

"Malam, ba na ce ka yi faɗa da kowa ba. Amma ka ba ni izini in kai yaran nan gidanmu har damina ta wuce. Ba zan iya sake tsayawa a ƙofar nan ina kallo ba."

Iyakar maganata ke nan, Allah shi ne shaida. Sai ya ce ba inda za mu je.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, ya fitar da kekensa da yadudduka na mutane ya shigo da su gida. Ya aro babbar guduma wajen wani magini. Ina leƙe ta zaure na ga ya cire babbar rigarsa ya rataye a ƙofar shagon, ya shiga ya fara dukan daɓen. Bai taɓa na kowa ba, nasa ya fasa. Mutane suka taru suna kallo. Hannun tela ne, bai saba ba, nan da nan tafinsa ya fashe. 'Yan acaɓan nan da suka taimaka aka ciro Kabiru su suka fara karɓar gudumar, sannan samarin majalisa, har da wanda ke jefa wa su Hadiza leda. Da kankaren ya rufta, warin da ya taso sai da ya kori mutane baya. Abin da ke ciki ba ya faɗuwa. Leda ce ta dunƙule da taɓo ta zama kamar bango, ga tsohuwar katifa, ga tayoyi, ga mushen akuya. Aka kawo shebur da baro aka shiga kwasa. Yara suka yi layi suna jan buhuna. Hadiza ta fito ta tsaya kusa da ni tana kallon ledojin da ake tulawa a bakin hanya, wasu tambarinsu ma bai goge ba. Ban iya kallon idonta ba.

Ana cikin haka Baba Sale ya iso da mutanensa. Ya tsaya ya dubi ramin da ke cikin gininsa, ya dubi ƙaninsa da ke tsaye a cikin taɓo har gwiwa.

"Habu, abin da za ka saka mini da shi ke nan? A gaban jama'a?"

"Yaya, ka yafe mini. Nawa na fasa. A nan na ciro ɗana."

Baba Sale ya juya ya shiga gida. Da aka sake yin ruwa, ruwan ya samu hanya ya wuce, bai shigo gidan kowa ba. Sauran masu shagunan da suka ga abin da ke ƙarƙashinsu suka kwashe kayansu ɗaya bayan ɗaya, daga baya unguwa ta taru ta cire ginshiƙan. Baba Sale ya yi asarar gininsa, abokan siyasarsa suka mayar da shi abin zolaya, takarar da yake sa rai ta wuce shi. Kafin shekara ta zagayo ya ce a raba gida. Ba mu da ƙarfin sayen rabonsa, aka sayar da gidan gaba ɗaya. Muka koma ɗaki biyu a Tarauni, babanku ya kafa kekensa a rumfar kwano a bakin titi, kuma a rumfar nan ya ƙare sana'arsa. Bai sake mallakar shago ba. Inna ta biyo mu. Har ta rasu tana sa a dafa abincin da ɗan farinta ke so ranar sallah, ko zai zo. Yakan aiko da gaisuwa da atamfa, amma bai taka gidan ba sai ranar jana'izarta.

A Tarauni ne na fara bin gidaje ina yi wa mata maganar shara da lambatu. Ba ilimi ne ya sa ni ba, tsoro ne. Da na ga an zuba shara a kwata sai in ga hular nan. Tsofaffi ba su ba ni wahala ba, da na fara sai su karɓe zancen su ba ni labarin kududdufan da suka sani waɗanda yanzu gidaje ne. Yara ma ba wuya, Hadiza ce ke tara su, ta nuna musu abin da malaminsu ya nuna musu, su koma gida su addabi iyayensu. Masu wuyar su ne sa'o'ina, masu neman abin da za a ci yau, waɗanda ke ganin maganar ruwan da bai zo ba ɓata lokaci ce. Ban taɓa jin haushinsu ba, don na san daga inda na fito. Irinsu sai in ɗauki Kabiru mu je tare, in ba su labarin tun daga farko, yana zaune yana wasa da yatsunsa. Wasu sun ji, wasu sun ce Allah ya kyauta suka ci gaba da abin da suke yi. Har yau idan damina ta kama ana yashe kwatar layinmu, har yau kuma ana samun mai zuba shara a ciki.

Babanku bai taɓa faɗin mummunar kalma a kan yayansa ba. Duk sallah sai ya je gaishe shi, a bar shi a zaure, a ce ba ya nan. Ya dawo ya ce mini Yaya ya fita. Haka suka yi ta yi har ciwon ajali ya kama babanku.

Ranar sadakar uku ina cikin mata aka ce mini Baba Sale yana waje, yana so ya shigo. Ya tsufa ƙwarai, ana riƙe da shi. Ya zauna a bakin tabarma ya yi mini gaisuwa, na amsa. Can sai ya ce ina yaron nan? Ban tambaye shi wanne ba, na aika aka kira Kabiru, lokacin har ya yi aure. Ya zo ya durƙusa a gabansa. Baba Sale ya kama wuyan hannunsa da hannu biyu, ya riƙe, ya daɗe bai saki ba, hawaye na bin gemunsa.

"Ka girma," ya ce. "Habu ya yi gaskiya. Ka girma."

Ya nemi sandarsa, Kabiru ya tashe shi, ya raka shi har bakin titi.